Tsohuwar masana'antar sinadarai: ana iya gyara ta da gaske ko sai an rushe?

Ɗalibin_Kemikal ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar masana'antu ku agaza min. Ina ajin ƙarshe a injiniyancin sinadarai, sufabaizana ya ba ni furojet a kan yadda za a sake tsara masana'antar sinadarai ta rage gurɓata iska da ruwa, ta rage shan wuta, kuma ta daina zama barazana ga ma'aikata da mutanen da suke zaune kusa da ita. To na shiga karatu amma gsky kaina ya ɗaure, duk rahoton kamfanin da na buɗe hoton sola ne da bishiyoyi da alƙawarin nan da 2050 za mu yi kaza, ba wanda yake cewa ga takamaiman abin da muka canza a cikin tankuna da bututai. Ni kuma abin da nake so in sani kenan.

Masana'antar da aka gina tun shekara 40 ko 50 da suka wuce, ana iya gyara ta da gaske ko kuwa sai dai a rushe a gina sabuwa? In ana iya gyarawa, daga ina ake farawa? Sannan akwai abin da ya tsaya min a rai, wani malaminmu ya ce ba kullum ba ne kare muhalli da kare rayukan ma'aikata suke tafiya tare, wai wani lokacin ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya, sai lokacin lacca ya ƙare bai kawo misali ba. Wanda ya taɓa aiki a irin wajen nan ko yake koyar da abin dan Allah ya warware min yadda zan gane, ba na son in kwaso abin intanet in liƙa ban fahimci komai ba. Allah ya saka da alheri.

Baba_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ana gyarawa mana, amma ba daga sola ake farawa ba. Ka ɗauki biro da takarda ka bi masana'antar tanki bayan tanki kana tambaya, mene ne a cikin nan, tan nawa ne, kuma me ya sa sai an ajiye shi. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mutane ba sa so, domin sau da yawa amsar ita ce haka muka tarar.

Ka je ka karanta abin da ya faru a Bhopal ta Indiya a daren 2 ga Disamba wayewar 3 ga wata, 1984, ka karanta shi da idon injiniya ba da idon mai jin labari ba. Masana'antar Union Carbide ce, maganin ƙwari take yi mai suna Sevin. Gubar da ta kashe mutane, wadda ake kira MIC a taƙaice, ba ita suke sayarwa ba fa, ba kuma ita suke sayowa a matsayin ɗanyen kaya a lokacin ba, abu ne na tsakiyar hanya, a yi shi sannan a haɗa shi da wani ya zama maganin. Amma sai aka tara shi tan-tan a manyan tankuna. Ruwa ya shiga tanki mai lamba 610, shi kuma sinadarin nan in ya haɗu da ruwa zafi yake fitarwa, zafin ya ƙara saurin haɗuwar, saurin ya ƙara zafi, har wajen tan 40 na gas ya fita ya sauka kan unguwannin da mutane suke barci. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar sun fi haka nesa ba kusa ba, waɗanda suka shaƙa kuwa sun haura 500,000. Abin da nake so ka lura da shi, masana'antar nan tana da na'urorin kariya a takarda. Akwai injin sanyaya tankin, an kashe shi watanni kafin ranar. Akwai hasumiyar wanke gas, ba ta kan aiki, ko da ma tana yi ba a gina ta don ɗaukar irin wannan yawan ba. Akwai hasumiyar ƙona gas, an cire wani ɓangaren bututunta don gyara. Duk abin da aka ƙara daga baya don ya tsare haɗari, mutum ne zai kunna shi, mutum ne zai kula da shi, kuma mutum yana iya kashe shi ranar da aka ce a rage kashe kuɗi.

Akwai wani injiniya ɗan Ingila, Trevor Kletz, ya daɗe a kamfanin ICI yana kula da harkar kariya, a 1978 ya yi wata magana da duk wanda ya karanci fannin nan ya san ta, cewa abin da ba ka da shi ba zai yi yoyo ba. Mutumin da ya ɗaure kura a tsakar gida yana ta ƙara mata sarƙa, ai kafin a yaba sarƙar sai a tambaye shi dalilin ajiye kurar. Daga nan aka samo tsarin da ake koyarwa yanzu, ka rage yawan abin haɗari, ko ka musanya shi da wanda bai kai shi ba, ko ka yi aiki da shi a yanayin da ya fi laushi wato ƙarancin zafi da matsi ko a sirke, sannan ka sauƙaƙa tsarin yadda ma'aikaci ba zai rikice ba. Kuma ba tatsuniya ba ce, bayan Bhopal kamfanin DuPont ya gina tsari a Texas da yake yin wannan MIC ɗin a take kuma ya cinye shi a take, ɗan kaɗan ne kawai a cikin bututu a kowane lokaci, ba tankin ajiya. Sinadarin bai canza ba, yawansa ne ya canza, shi kenan.

Wani misalin da nake ba yara kullum shi ne yadda ake haɗa naitirogilsarin, ruwan nan da ake nakiya da shi. A da a babbar tukunya ake yi, wajen tan guda a lokaci ɗaya, a zaunar da mutum ya zuba wa ma'aunin zafi ido na sa'o'i, in zafi ya haura sai ya buɗe ƙasan tukunyar komai ya zube cikin tankin ruwa. Kujerar da ake ba shi ƙafa ɗaya ce da ita, saboda in gyangyaɗi ya ɗauke shi ya faɗi ya farka. Ka ga ran kowa a wajen yana rataye ne da idon mutum ɗaya. Da injiniyoyi suka zauna suka duba sai suka ga haɗuwar kanta ba ta da jinkiri, rashin gauraya sosai ne yake ja mata lokaci, sai aka koma ƙaramin tsari mai gudana ba tsayawa, abu yana shiga yana fita, abin da ke ciki a kowane lokaci ƴan kiloli ne. Ko ya fashe bango mai kauri zai tare shi.

Bayan yawan kaya sai ka duba ina aka ajiye mutane. Matatar man BP a Texas City ta yi bindiga a 23 ga Maris 2005, mutum 15 suka mutu, dukkansu a ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye dab da wajen da abin ya faru. Matsar da ofis ba ya buƙatar sabuwar kimiyya. Haka ruwan kashe gobara, a Nuwamban 1986 rumbun kamfanin Sandoz ya kama da wuta kusa da Basel a Siwizalan, aka kashe wutar lafiya, amma ruwan da aka feshe ta da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya gangara kogin Rhine, kifi ya mutu har nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa yanzu ake haƙa tafkin tare ruwan gobara. Duk waɗannan tsohuwar masana'anta za ta iya yin su ba tare da an rushe ta ba. Wanda yake da wuya shi ne canza hanyar haɗin kanta, wannan kam sau da yawa sai an gina sabon sashe a gefe.

Anti_Lab ta amsa:

Baba ya gama magana kan kariya, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɓangaren leb nake, to ƙanena bari in ɗan ja ka baya kafin a kai ga tanki, domin yawancin sharar da masana'anta take fama da ita tun a kan teburin mai bincike aka yanke mata hukunci. In hanyar haɗin da aka zaɓa tana haifar da shara, duk girman wajen tace ruwan da za ka gina a ƙarshen layi kwashe-kwashe kawai kake yi.

Akwai lissafi mai sauƙi da Roger Sheldon ya kawo a farkon shekarun 1990, ka raba nauyin shara da nauyin kayan da ka samu. Matatar mai ba ta kai kilo 0.1 na shara kan kowane kilo ba, manyan sinadarai na yau da kullum ƙasa da 1 zuwa 5, amma masu yin magani daga 25 har 100 ko fiye. Mutane suna mamaki in sun ji, wai wajen da ya fi ko'ina ƙyalli da fararen riguna shi ya fi zubar da shara a kan kowane kilo, kuma mafi yawanta ruwan narkarwa ne da ake wanke abu da shi ko a tace a zubar. Ka sa wannan lissafin a furojet ɗinka, da shi ne za ka kama rahoton da ba komai a cikinsa sai hoto. Ƙa'idoji 12 na Paul Anastas da John Warner na 1998 ma ka duba su, ta farkon ita ce gara a hana shara samuwa da a tsaya maganinta.

Misalin da malaminku bai kawo ba ga shi. Ibuprofen, maganin ciwon jikin nan. Tsohuwar hanyar kamfanin Boots mataki 6 ce, kuma wajen kashi 40 cikin 100 ne kawai na nauyin kayan da aka zuba yake ƙarewa a cikin maganin, sauran duk shara. Kamfanin BHC ya fito da hanya mai mataki 3, aka fara aiki da ita a Texas a 1992, ta kai wajen kashi 77, abin da ya rage kuma asid ɗin asetik ne da ake iya tattarawa a yi amfani da shi. Kowa yana yaba wannan, ni ma ina yabawa. To amma matakin farko da haidurojin fuloraid ake yi, wanda in ya taɓa fata ba tsayawa yake a sama ba, ratsawa yake har ƙashi, kuma tururinsa kisa yake. Ana juya shi ana sake amfani da shi kusan duka shi ya sa ba ya zama shara, amma ma'aikacin da yake kwance bawul a layin nan ya san me yake hannunsa. Ka ga muhalli ya samu sauƙi, nauyin kariya kuma ya ƙaru. Haka aka yi da firji, da aka bar gas ɗin CFC saboda yana cin lemar ozon, wasu daga cikin waɗanda suka maye gurbinsa masu kama wuta ne, ita kuma amoniya da ake sanyaya wasu da ita mai guba ce.

Amma kar ka ɗauka kullum haka ne, akwai inda duka biyun suke tafiya tare kuma su ne suka fi daɗin labari. Masu yin kulorin da soda daga ruwan gishiri shekara da shekaru da zaiba suke aiki, tan-tan nata kwance a ƙasan na'ura, tana bin iska tana bin ruwa tana shiga jikin ma'aikata. Aka koma na'ura mai siririyar fata da take raba ɓangarorin biyu, zaiba ta fita daga lissafi gaba ɗaya kuma wutar da ake sha ta ragu sosai. Tarayyar Turai ta rufe babin zaiba a wannan sana'ar a ƙarshen 2017, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba kuma ta sa wa sauran duniya wa'adin 2025. Kuma da yawa ba rushe su aka yi ba, zauren na'urorin aka canza, sauran masana'antar tana nan. Sai dai ƙasar da zaiba ta riga ta shiga, tsaftace ta wani babban aiki ne na daban, kar ka manta da shi a lissafinka dan Allah, mutane suna yawan tsallake shi.

Mai_Dutin_Dare ya amsa:

Salam. Ni ba injiniya ba ne, ofareta ne, a gaban allon kwanturol nake kwana. Duk abin da Baba da Anti suka faɗa gsky ne amma wlh ina so yaron nan ya ji ta bakinmu mu da ake miƙa wa abin bayan masu zane sun tafi. Gyaran kansa haɗari ne. Wannan ita ce maganata.

Baba ya ambaci Kletz, to ai abin da ya sa ya yi waccan maganar shi ne fashewar masana'antar sinadarai ta Flixborough a Ingila, 1 ga Yuni 1974. Tukwanen haɗi 6 ne a jere, ta 5 ta tsage aka cire ta, aka haɗa ta 4 da ta 6 da bututun wucin gadi mai faɗin inci 20 don kar aiki ya tsaya, zanen bututun ma da alli aka yi shi a ƙasan wakshop, ba wanda ya yi cikakken lissafin ko zai ɗauki nauyin. Ya yi wata biyu yana aiki lafiya lau, ranar Asabar ya ɓalle, mutum 28 suka mutu, 18 daga ciki a ɗakin kwanturol suke, wato irina. Ba sabon sinadari aka kawo ba fa, ɗan canji ne kawai.

A wani waje da na yi aiki an zo da tsarin rage zubar da ruwa, a riƙa juya ruwan ana sake amfani da shi, kowa ya yi murna, mu ma mun yi. Abin da ba a yi tunani ba, gishirin da a da yake fita da ruwan yanzu ba shi da hanyar fita, sai ya riƙa taruwa a hankali a hankali, shi kuma kuloraid ɗin da ke cikin gishirin in ya samu zafi yana tsattsaga baƙin ƙarfen nan marar tsatsa, tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya gani. Mu muka fara lura da wani farin ɓurɓushi yana taruwa a bakin wani haɗin bututu, mu goge da safe mu dawo da dare mu tarar ya dawo, muka rubuta a littafin duti har muka gaji kafin a zo a auna. Allah ya kiyaye ba a kai ga fashewa ba. Ba cewa nake kar a juya ruwa ba, a juya, amma duk abin da ka rufe masa hanyar fita ka tambayi kanka ina zai taru.

Sannan maganar rage tankuna Baba, a yi haƙuri, akwai gefe na biyu. Tankin tsakiya shi ne yake ba mu numfashi, in sashen gaba ya samu matsala na baya ya ci gaba da zubawa a tanki har mu gyara. In ka cire shi, famfo ɗaya ya tsaya sai layin duka ya tsaya, kuma ba lokacin da ya fi tsayarwa da tayarwa haɗari a aikinmu, ita kanta Texas City ɗin ai lokacin tayar da sashen ne abin ya faru. Haka in aka ɗaure sassa da juna don wannan ya ɗumama wancan, ranar da ɗaya ya faɗi ƙararrawa sai ta cika allo, ɗari da wani abu cikin ƴan mintuna, kai kaɗai ko ku biyu ƙarfe ukun dare, wacce za ka fara bi? Don haka ɗan uwa in za ka rubuta, ka sa cewa duk canji komai ƙanƙantarsa sai an zauna an bi shi layi-layi, in ruwa ya ƙaru fa, in ya ragu fa, in ya koma baya fa, in wuta ta ɗauke fa, kuma a zaunar da ofareta da makaniki a teburin, ba a kira mu ranar buɗewa kawai ba.

Ɗalibin_Kemikal ya sake rubutawa:

Kai, na gode ƙwarai, Baba, Anti, Oga mai duti, wlh na fi samun haske a nan fiye da makonnin da na yi ina bincike. Saura ɓangaren hayaƙi da wuta. Ina ta ganin maganar amoniyar da za a yi da wutar sola da iska maimakon gas, ita ce nake tunanin in gina furojet ɗin a kanta, ya kuke gani?

Tururi_da_Wuta ya amsa:

Malam ɗalibi ba zan hana ka ba, amma ka san girman abin tukuna. Amoniya duniya tana yin wajen tan miliyan 180 a shekara, yawancinta taki ake yi da ita, kuma tana cin kusan kashi 2 cikin 100 na makamashin duniya. Hanyar Haber da Bosch ce, wato haɗa haidurojin da naitirojin a tukunya, har yau tun masana'antar farko ta 1913 a Jamus, zafi digiri 400 zuwa 500, matsi ninki 150 zuwa sama na iskar da muke shaƙa. Amma ba wannan tukunyar ce take fitar da yawancin hayaƙin ba, samo haidurojin ɗin daga gas ko gawayin ƙasa shi ne matsalar. To in ka raba ruwa da lantarki ka samu haidurojin ka kauce wa wannan, kuma ba sabon abu ba ne, Norway ta yi shekaru tana yin haka da wutar madatsun ruwa kafin gas mai araha ya kore shi. Lissafin dai shi ne kilo ɗaya na haidurojin yana shan wajen kilowat-awa 50 zuwa 55, tan ɗaya na amoniya kuma yana son kusan kilo 180, ka buga da kanka ka ga wutar da babbar masana'anta za ta sha. In kuwa wutar daga tashar gawayi ta zo, hayaƙin ya fi na da, wuri kawai ya canza.

Sannan ga inda maganarka za ta ci karo da ta Baba. Tukunyar amoniya ba ta son a yi ta ɗaga ta ana saukewa, rana kuma faɗuwa take yi, iska ma ba kullum ba. To me za a yi da dare? A tara haidurojin a tanki. Wato ka dawo da ajiyar da ake cewa a rage, kuma na gas ɗin da yake kama wuta daga kashi 4 har 75 cikin 100 a iska, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake ganinsa, ga shi yana ratsa ƙarfe yana sa shi gautsi. Ana iya yi, ana ma kan yi, amma dole wannan ya fito a zanenka.

In tsohuwar masana'anta ce a gabanka, ni shawarata ka fara da abin da ba ya shiga jarida. Ka bi layin tururi ka ga inda yake huci, inda rigar bututu ta yage ko ta jiƙe, da bawul ɗin fitar da ruwan tururi da ya maƙale a buɗe shekara guda ba wanda ya kula. Daga nan ka jera duk abin da ake sanyayawa da duk abin da ake ɗumamawa, za ka sha mamakin yadda ake ƙona gas a nan don a ɗumama wani abu, can kuma ana zubar da zafi a hasumiyar sanyaya. Bodo Linnhoff da abokan aikinsa sun fitar da hanyar lissafa wannan tun ƙarshen shekarun 1970, tana nuna maka mafi ƙarancin zafin da tsarin yake buƙata tun kafin ka zana komai. Amma ka riƙe gargaɗin Oga mai duti, kar ka ɗaure sassan da ba sa tashi tare.

Wanda na fi so a ce ka ɗauka kuwa shi ne masana'antar asid ɗin naitirik, ita ma ta taki ce. Wajen ƙona amoniya a kan ragar filatinom ana samun naitiros oksaid, gas ɗin da kilo ɗaya nasa ya kai wajen kilo 273 na kabon dayoksaid wajen ɗumama duniya cikin shekara 100. Ba shi da launi, ba ya damun kowa a wajen, shi ya sa aka daɗe ana sakin sa. Maganinsa kuwa katalis ne, wato abu mai hanzarta aikin sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ragar ko a sa a hanyar fitar gas, ya farfasa mafi yawansa ya koma naitirojin da oksijin, ana iya sawa lokacin babban gyaran da dama ake tsayar da masana'anta a yi. Ba rushewa, ba sabon tanki, ba sabuwar guba. Har yau akwai masana'antu da yawa a duniya da ba su sa ba domin ba dokar da ta tilasta musu kuma ba ya ƙara musu ko kilo ɗaya na kaya, wannan abin yana ci min rai matuƙa. Manyan abubuwa irin murhun fasa sinadarai mai aiki da lantarki da BASF da SABIC da Linde suka fara gwadawa a Ludwigshafen a 2024 suna da kyau, amma har yanzu gwaji ne.

Baba_Injiniya ya ƙara:

Mai duti ba ka yi laifi ba, maganarka tana kan hanya, kuma da irinku ake zama a teburin da an huta da abubuwa da yawa. Ba cewa na yi a kwashe tankuna duka ba. A zaɓi inda za a sa tankin, in sai an yi ajiya a tsakiya to a yi ta a matakin da abin bai zama guba ba tukuna ko ya riga ya wuce, sashen da yake yin mugun abin da wanda yake cinye shi kuma a manne su su zama ɗaya, su tashi tare su tsaya tare. In kuma dole ne a ajiye mai haɗarin, a duba yanayin ajiyar, amoniya misali in ka sanyaya ta zuwa digiri 33 ƙasa da sifili za ta zauna a tanki ba matsi, in tankin ya huje zuba za ta yi cikin katangar tarewa tana tashi a hankali, ba kamar wadda aka danne da matsi ba da wani ɓangarenta zai watsu sama a take.

Ɗana, ka ɗauki shawarar asid ɗin naitirik, ya yi daidai da ƙarfin furojet na ɗalibi. Ka zana layin tun daga tankin amoniya har bakin bututun hayaƙi, ka yi lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, ka rubuta tan nawa ne na kowane abu yake zaune a kowane wuri, sannan duk canjin da ka kawo ka sa shi a tebur mai gida uku, me ya yi wa hayaƙi da ruwa, me ya yi wa wuta, me ya yi wa mutumin da yake duti. Katalis ɗin da aka ce maka ma yana ɗan ƙara wa gas wahalar wucewa, ka lissafa wannan, ka duba ko kwamfiresan da ke wajen zai ɗauka. In ka gama zanen farko ka ɗora shi nan mu duba maka kafin ka kai wa sufabaiza.